Kunamar ruwa mai ɗauke da sunan Garwa: a ina masu bincike za su same ta?

Duk mai neman kifin shak a Kamaru don binciken kimiyya, kudu yake dosa. Can teku yake, can kuma cibiyoyin suke: tashar binciken kifi ta IRAD a Batoke kusa da Limbe, cibiyar binciken halittun teku a Kribi, da makarantar kimiyyar kamun kifi ta jami'ar Duwala da ke Yabassi. Da wuya wani ya kawo Garwa ko Bibemi a ransa, garuruwan da jirgin ruwa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga gare su kafin ya taɓa ruwan gishiri. Sai dai ɗaya daga cikin dangin shak da suka fi shiga haɗari a Afirka a nan arewa aka fara rubuta ta a littafin kimiyya, kuma har yau sunan Garwa take amsawa.

Masuntan Hausawa na kiranta kunamar ruwa. Kifi ne mai faɗi kamar faifai, wanda faɗinsa bai cika wuce santimita 40 ba, da doguwar wutsiya siririya mai ƙari da dafi. Tana kwanciya a ƙasan kogi ta lulluɓe kanta da yashi, abincinta kuma mafi yawa tsutsotsin ƙwarin ruwa ne. Abin da ya haɗa ta da shak shi ne jikinsu duka guringuntsi ne babu ƙashi, shi ya sa masana suka sa su gida ɗaya. Ba ta zuba dubban ƙwai kamar karfasa ko tarwaɗa. Haihuwa take yi, 'ya'ya kaɗan a lokaci guda, don haka idan yawanta ya faɗi, farfaɗowa na ɗaukar shekaru masu yawa.

A 1962 wasu masana biyu na Faransa, Alfred Stauch da Maurice Blanc, suka bayyana ta daga samfurin da aka kamo a kogin Binuwai, suka raɗa mata suna Potamotrygon garouaensis, wato ta Garwa. A zatonsu 'yar'uwar irin waɗanda ke kogunan Kudancin Amurka ce. A 1975 Thomas Thorson na jami'ar Nebraska da abokin aikinsa Watson suka sake duba ta, suka ga lamarin ba haka yake ba. Dangin shak na teku suna tara sinadarin yuriya a jininsu don gishirin teku kada ya tsotse musu ruwan jiki (eh, sinadarin nan dai da manoman auduga da masara suka sani a buhun taki). Na kogunan Kudancin Amurka sun daɗe da rabuwa da wannan ɗabi'a, ita kuwa ta Binuwai tana riƙe da ragowarta, alamar cewa kakanninta daga teku suka hauro ba da daɗewa sosai ba a lissafin masana. Thorson ya san irin wannan tafiya, domin shi ne ya bi diddigin shak ɗin tafkin Nikaraguwa, ya maƙala musu alama, ya nuna cewa suna kai da komo tsakanin tafkin da teku ta kogin San Juan. A 2016 aka sake mata gida, ta koma Fontitrygon garouaensis. An sauya kashin farko na sunan sau biyu, na biyun bai motsa ba.

Abin da ya mai da wannan tsohon labari batun yau shi ne ƙididdigar 2021. A shekarar ne ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kunamar ruwa a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai ɓacewa. A shekarar ne kuma wani babban nazari ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan dangin shak a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa, mafi yawa saboda kamun da ya wuce kima. Daga nan abubuwa suka fara motsi, amma duk a gefen teku. A Nuwamban 2022, taron yarjejeniyar CITES a Panama ya tsaurara cinikin nau'o'in shak da dama tsakanin ƙasashe. A Janairun 2023 Tarayyar Turai ta ba Kamaru jan kati kan rashin sa ido ga jiragen kamun kifi masu ɗauke da tutarta, kuma a ƙarshen 2024 ƙasar ta yi sabuwar dokar kamun kifi. Kunamar ruwa ta faɗa tsakani. Masu binciken teku suna ganin ta a matsayin kifin kogi, masu kula da kifin kogi kuma hankalinsu na kan abin da ke cika kwando da kawo haraji: giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, bargi.

To, idan wani ɗalibi ko wata ƙungiya ta samu kuɗin bincike yau, ina za ta kafa sansani?

A bakin teku amsar ba ta da wuya sosai. Mai bincike ba ya bukatar jirginsa. Yakan je inda kwale-kwale ke sauke kaya da asuba, ya auna abin da aka kamo, ya ɗauki hoto, ya yanki ɗan ƙaramin fiffike ya jefa a kwalbar sinadarin adanawa. Ƙungiyar AMMCO da Aristide Takoukam Kamla ya kafa ta ƙara wani mataki a gaɓar tekun Kamaru: ta ba masunta manhajar waya mai suna Siren, suna ɗaukar hoton duk wani shak, kunkuru ko ayu da suka ci karo da shi su tura. Ta haka masunci ya zama idon mai bincike a wuraren da shi ba zai iya kaiwa kullum ba.

A kogi lamarin ya fi sarƙaƙiya. Babu wanda ke fita da niyyar kamun kunamar ruwa. Takan faɗa ne a taru idan an ja shi ta kan yashi, ko ta maƙale a mamari da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa. Abu na farko da masunci zai yi shi ne datse wutsiyar, kuma ba wanda zai zarge shi. Daga nan ko ta shiga tukunyar gida, ko ta bi sauran kifi zuwa banda ta fito a baƙe, ba kamanni. Mai binciken da ya tsaya a kasuwar kifi ta Garwa da littafinsa zai iya yin wata guda bai ga ko ɗaya ba, ya koma ya rubuta cewa babu ita, alhali wataƙila an ci biyu a wani sansanin masunta da ke nesa da titi. Rashin gani a kasuwa ba hujja ba ce, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa a irin wannan aiki.

Saboda haka sai an koma ga taswirar ruwan kanta, wadda ta sauya ƙwarai tun zamanin Stauch. Shi ya yi aikinsa a kogin da babu abin da ya tare shi, har ya wallafa littafi a 1966 kan kamun kifi a yankin Binuwai na Kamaru. Tsakanin 1977 da 1982 wani kamfanin Sin ya gina madatsar Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa, bango mai tsayin mita 40 da ya tara tafki mai faɗin murabba'in kilomita 586. Madatsar ta ba arewa wutar lantarki, ta kuma jawo dubban masunta daga nesa. Ta raba kogin gida biyu. Kifin da ke kwance a ƙasa ba shi da hanyar haura wannan bango, don haka duk kunamar ruwan da ta rage a sama ta rabu da 'yan'uwanta na ƙasa fiye da shekara 40. A ƙasan madatsar kuma ambaliyar damina ta daina zuwa a kan ƙa'idarta ta da. Manoman masakwa na kwarin Binuwai sun fi kowa sanin wannan, domin fadamun da suke dasawa bayan janyewar ruwa sun ragu. Ruwan yanzu yana bin bukatar injinan lantarki ne da kuma tsoron cikar tafkin, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, lokacin da sakin ruwa ya haɗu da mamakon damina aka yi ta'adi har cikin Najeriya.

Yawancin masu zuwa binciken kifi a yankin tafkin Lagdo suke nufa, kuma dalilinsu a fili yake: akwai hanya, akwai ofishin ma'aikatar dabbobi da kamun kifi, akwai masunta a tattare wuri guda. Amma tafki mai zurfi da laka ke taruwa a ƙasansa ba shi ne wurin da ya fi dacewa a fara neman kifin da aka san shi da yashin kogi mai gudu ba. A nan ne Bibemi ta shigo cikin lissafi. Kogin Mayo Kebbi yana fitowa daga Cadi, ya bi ta tafkunan Tirene da Lere, ya ratsa ƙasar Bibemi, sannan ya zuba a Binuwai a ƙasan madatsar Lagdo, kafin a kai Garwa. Ma'ana, kifin da ya taso daga Yola ko Garwa zai iya shiga Mayo Kebbi ba tare da ya ci karo da bangon Lagdo ba, kuma ruwan wannan reshe yana cika yana janyewa bisa damina kamar da. Ayu, wanda shi ma danginsa na bakin teku ne, yana rayuwa a tafkin Lere, abin da ke nuna cewa hanyar ta daɗe a buɗe ga manyan halittun ruwa. Can gaba da Lere ne gangaren ruwa na Gauthiot ya yi iyaka ta halitta. Wannan bai tabbatar da cewa kunamar ruwa na nan ba. Abin da ya tabbatar shi ne, duk binciken da ya tsallake Mayo Kebbi da mahaɗarsa da Binuwai ya bar wurin da ya fi kama da kogin da Stauch ya gani. Haka zancen yake ga kogin Faro, wanda ke shigowa ta yamma kusa da iyakar Najeriya.

Lokaci ma wuri ne a wannan aiki. Da damina ruwa ya yi yawa ya yi ja, hanyoyin ƙauyukan Bibemi sun lalace, a tafkin Lagdo kuma ana rufe kamun kifi na wasu watanni don kifi ya hayayyafa. Da rani, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, kogi yakan tsuke ya bar tsibiran yashi da kududdufai masu zurfi, kifi ya taru a ɗan wuri, mutane kuma su riƙa shiga ruwa da ƙafa. Wanda ya tsara tafiyarsa bisa hutun jami'arsa ta Turai, wato Yuli da Agusta, ya zo a mafi munin lokaci.

Akwai sabuwar dabara da ake yawan ambata, ta gano halitta daga ɓurɓushin jikinta da ke yawo a ruwa. Ana ɗibar ruwa a tace, a kai matatar ɗakin gwaji a nemi ƙwayar gadon dabbar da ake nema. A Ostireliya an yi amfani da ita wajen gano wani ɗan'uwan shak mai baki kamar zarto a ruwan da ba a iya ganinsa. Dabarar na da amfani a nan, musamman don ba sai an kashe ko ɗaya ba, amma tana da iyakarta. Ruwan Binuwai mai laka yana toshe matata da sauri, zafin Afrilu na Garwa yana lalata samfuri idan ba a adana shi da kyau ba, kuma ruwa mai gudu yana iya ɗauko alamar daga nesa, ta yadda sakamakon zai ce tana sama da nan ba tare da ya faɗi inda take ba. Sannan kafin a ɗibi ruwan sai an san inda ya cancanci ɗiba, tunda babu mai kuɗin tace kogi gaba ɗaya.

Wannan ya dawo da zancen kan masunta, kuma a nan ne ya shafi masu karatun wannan shafi kai tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakin Binuwai da Lagdo cike yake da masunta na ƙabilu daban-daban, Musgum da Kotoko daga yankin Logone, da Hausawa waɗanda wasunsu kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Kabi da sauran sassan Najeriya suna bin ruwa. Sarkawa sun gaji sanin ruwa kamar yadda makiyayi ya gaji sanin daji. Dattijon da ya yi shekara 50 yana jefa birgi zai iya faɗin gurbin da ake taka kunamar ruwa a da, da shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe, da irin ƙasan da take so. Idan aka tattara irin wannan bayani daga sansani 20 ko 30, aka jera shi bisa shekarun masu magana, za a samu taswirar da babu tauraron ɗan'adam da zai bayar. Sunan ma kansa makami ne: mai tambaya da hoton littafi da sunan Latin zai sha kallo, wanda ya ce kunamar ruwa kuwa zai ji labari.

Sai dai masunci na da dalilinsa na yin shiru. A saninsa, baƙo mai littafi da alƙalami yawanci haraji ke biye da shi, ko ƙwace raga, ko sabuwar doka. Wanda takardunsa na zama ba su cika ba, ko wanda aka haifa a sansanin da babu mai yin takardar haihuwa, ya fi kowa gudun a rubuta sunansa. Idan kuma ya ji cewa kifin nan yana cikin jerin masu ƙarewa, lissafin da zai yi mai sauƙi ne: in na nuna gurbin, gobe za a hana ni shiga. Tsoron nan ba na banza ba ne, domin a wurare da dama kare halitta ya fara ne da korar talakan da ke kusa da ita. Duk binciken da bai amsa wannan tambaya tun farko ba, a gaban sarkin ruwa da jama'arsa, zai samu amsoshi masu ladabi waɗanda babu komai a cikinsu.

Abin da ya faru a Kambodiya a Yunin 2022 ya nuna wata hanya. Wani masunci a kogin Mekong ya kama wata 'yar'uwar kunamar ruwa mai nauyin kilo 300, kifin ruwan daɗi mafi girma da aka taɓa aunawa. Bai yanka ta ba. Ya kira masu binciken da suka riga suka ƙulla hulɗa da ƙauyukan yankin, suka zo suka auna ta, suka sa mata na'urar bibiya, suka biya shi kuɗin kifinsa, suka sake ta. Abin lura shi ne lambar wayar tana hannunsa tun kafin kamun, kuma ya san ba zai yi asara ba. Ta Binuwai ƙarama ce, kuɗinta a kasuwa bai taka kara ya karya ba, don haka biyan masunci ladan hoto da sakinta da rai ba zai gagari ko ƙaramin aikin bincike ba. Wajibi ne kawai a tsara ladan yadda ba zai sa mutane su fara farautarta don a biya su ba.

Akwai kuma wata majiya da ba a cika tunawa da ita ba, wato waɗanda ta harba. Masu ɗibar yashi a bakin Binuwai, mata masu wanki, yara masu wanka, makiyayan da ke tsallakar da shanu zuwa kasuwar Adumri, duk suna taka ƙasan kogi da rani. Harbinta ciwo ne da ba a mantawa, kuma wanda ya sha shi zai tuna wurin da shekarar. Ma'aikatan ƙananan asibitocin bakin kogi da masu maganin gargajiya na sarkawa za su iya faɗin ko irin wannan rauni yana zuwa musu har yanzu, ko ya ɗauke. Mai binciken ma yana da abin bayarwa a nan: dafin irin wannan kifi yana sassautawa idan aka tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kafin a kai ga asibiti a wanke raunin a cire abin da ya karye a ciki.

Sauran cikas ɗin na hukuma ne da na tsaro. Bincike a Kamaru na bukatar izinin ma'aikatar binciken kimiyya, kuma tun dokar 2021 kan albarkatun gadon halittu, fitar da ko ɗan yankin fiffike zuwa ɗakin gwajin waje na bukatar amincewar hukuma da yarjejeniyar raba amfani. Doka ce mai ma'ana idan aka tuna cewa samfurin farko na kifin da ke ɗauke da sunan Garwa a birnin Paris yake ajiye. Bayan takardar Yawunde akwai gaisuwar lamido, da lawan, da jauro, wadda ba a rubuta ta a doka ba amma babu aikin da ke tafiya ba tare da ita ba. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa a yankunan iyakar Kamaru da Cadi ta sa wasu jami'o'in waje ba sa barin ɗalibansu su kwana a daji. Ga kuma haƙar zinariya a ƙasar Bibemi, ta masu hannu da kuma binciken da kamfanin Oriole Resources na Ingila ke yi a yankin. Idan harkar ta bunƙasa, za a so a san yadda ruwa da kifinsa suke kafin ta bunƙasa, kuma wannan awo sai an yi shi tun yanzu yake da amfani.

Kifin kuma bai san kan iyaka ba. An same shi a Neja da Binuwai a Najeriya, da kogin Kuros, da Sanaga a kudancin Kamaru. Daga Lere zuwa Bibemi, Garwa, Yola, Makurɗi har Lakwaja ruwa ɗaya ne a ƙarƙashin gwamnatoci uku, dukansu mambobin hukumar raya kogin Neja mai hedikwata a Yamai. Mai bincike zai bukaci izini uku da biza, masuncin Bahaushe kuwa yana da ɗan'uwa a kowace tasha, kuma hoto a WhatsApp yana tsallake iyakar cikin daƙiƙa.

Garwa ba ta rasa inda za a ɗora wannan aiki ba. Makarantar kula da namun daji da ke garin tana horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci tun 1970, jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana neman batutuwan da za ta yi suna da su, IRAD ma na da cibiya a nan. Matakin farko bai wuce ƙarfin ɗalibi ɗaya mai jin Hausa da Fulatanci ba: babur, waya mai kyamara, ma'aunin tela, hoton kifin a leda, da watanni uku na rani yana bin sansanonin masunta daga gadar Garwa zuwa mahaɗar Mayo Kebbi, sannan ya haura ta Bibemi har iyakar Cadi.